Idan Awon Abinci Ya Yi Saura

Tun zamanin kaka da kakanni, tambayar da magidanci ke yi game da abinci a ƙasar Zamfara guda ɗaya ce, watau ko abin da ke cikin rumbu zai kai iyali wata kaka. In an ɗaure gero da dawa an kai gida, sai maigida ya zauna ya ƙidaya bakunan da zai ciyar, ya ƙidaya watannin da ke gabansa. Tsofaffi sun ji labarin yunwar Kakalaba ta 1914 daga bakin iyayensu, da ta 1942 wadda mutanen ƙasar Katsina suka laƙaba wa suna 'Yar Gusau, don a Gusau ake zuwa neman hatsi. Farin 1973 da na 1984 kuwa, akwai da yawa da suka gan su da idonsu. Mutumin da ya tashi cikin irin waɗannan labarai, in ka ce masa wata rana zai zauna gaban akushi yana shawarar ko ya ci ko kada ya ci, alhali kuwa ga abinci, ga lafiya, kuma ba azumi yake yi ba, sai ya zaci ba'a kake yi masa.

To, ga ranar ta zo wa waɗansu. Tafiyar da ake yi a ƙasa ko bisa jaki, yanzu babur ke yinta. Dakan da mata ke yi tun asuba, inji ya karɓi yawancinsa. Shayi mai sukari da lemon kwalba da soye-soye sun shiga ƙauye, ba su tsaya a birni ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas na mutanen duniya yana da ƙibar da ta wuce kima, kuma yawan manya masu irin wannan ƙiba ya ninka fiye da sau biyu tun 1990. Da can in mutum ya yi teɓa sai a ce ya sami duniya, a yi masa barka. Yanzu likitoci sun tabbatar teɓar nan ita ke buɗe wa hawan jini da ciwon sukari ƙofa, ta kuma cinye gwiwa.

Akwai wani magidanci a Kekun Waje, cikin ƙasar Bunguɗu, wanda ya ba hamsin baya kaɗan. Sana'arsa sayen hatsi a kasuwannin ƙauye, ya loda a mota ya kai Gusau ko Tsafe ya sayar. Yana saurayi shi ke ɗaukar buhu da kansa, amma da Allah ya buɗa masa sai ya koma zama bisa benci yana ba yara umarni, ci kuwa bai ragu ba, sai ma ƙaruwa da ya yi. Ciwon kai ya dame shi, ya tafi asibiti a Gusau. Aka aza shi bisa sikeli aka sami kilo 98, tsawonsa kuwa mita ɗaya da santimita 70. Ma'aikatan lafiya suna da wani lissafi mai sauƙi: a raba nauyin mutum da tsawonsa, abin da ya fito a sake raba shi da tsawon. In an sami 25 nauyi ya fara yawa, in an kai 30 ƙiba ta zama abin tsoro. Nasa ya tashi kusan 34. Likita ya ce jininsa ya hau, sukari kuma yana bakin ƙofa, ko da yake bai shigo ba tukuna. Aka tura shi wajen wata ma'aikaciya mai kula da sha'anin abinci, ta rubuta masa takarda cewa kada cinsa na yini ɗaya ya wuce kalori 2,000.

Ya kamata a tsaya a nan a bayyana wa mai karatu ko mene ne kalori, gama ba a ganinsa da ido, ba a kuma auna shi da mudu. Kalori awo ne na ƙarfin da abinci ke ba jiki, kamar yadda itace ke ba murhu wuta. Kalori ɗaya, irin wanda ake lissafin abinci da shi, shi ne zafin da zai ɗaga ɗumin ruwa kilo ɗaya da digiri ɗaya. Wani masani ɗan Amurka mai suna Wilbur Atwater ya yi ta gwaje-gwaje a ƙarshen ƙarni na 19, daga aikinsa aka sami ƙa'idar da ake bi har yau: giram ɗaya na gari ko sukari yana ba da kalori 4, na abinci mai gina jiki shi ma 4, amma giram ɗaya na mai yana ba da 9. Shi ya sa babban cokali ɗaya na man gyaɗa ya kai wajen kalori 120, giram 100 na gyaɗa kuma ya haura 550. Abin da jiki ya ƙona ya tafi, abin da ya rage sai ya ajiye shi kitse. Namiji matsakaici yana bukatar misalin 2,500 a yini, mace misalin 2,000, gwargwadon girman jiki da wahalar aiki. Ka ga ke nan takardar Alhajin nan ta riga ta zaftare masa wajen 500 kowace rana. A mako 3,500 ke nan, watau kusan rabin kilo na kitse, don kilo guda na kitsen jiki yana riƙe da kalori wajen 7,700.

Alhaji ya iya karatun boko gwargwado, amma lissafin nan ya fi ƙarfinsa. Sai aka yi dace 'yarsa tana karatu a kwalejin koyon aikin lafiya ta Tsafe, ta zo hutu. Ita ta sami littafin rubutu ta ja layi, ta mai da lambobin nan kofin koko da ƙosai, da ludayin fura, da malmalar tuwo, kowace rana tana rubuta abin da ya ci tana tarawa.

Mako biyu abin yana tafiya daidai. Ran nan cikin bazara, ana zafi kamar a gasa gurasa, ya wuni a kasuwa, ya ci hoce da rana ya kora da fura. Bayan lisha aka kawo masa tuwon dawa malmala biyu da miyar kuka. Ya ci guda, ya ji ciki ya natsu, ya jawo ruwa ya wanke hannu. Yarinya ta tara lissafi ta ga 1,700.

Ta ce, "Baba, da saura 300. An rubuta maka 2,000, ka daure ka cika."

Ya ce, "Ni kam na ƙoshi."

Uwargida ta leƙo ta ga malmala ɗaya a akushi, ta ce, "Alhaji, ko miyar ce ba ta yi ba?"

Mahaifiyarsa, wadda ta ga farin 1973 tana goyo, tana jin su daga ɗakinta. Ta ɗaga murya ta ce, "Kai dai ka ci abincinka. Mun ga shekarar da aka daka dusa aka ci, yau kai Allah ya ba ka kana turewa?"

Ya ce, "Inna, ba raini ba ne, ciki ne ya cika."

Da gari ya waye ya kai maganar wurin abokan hirarsa a ƙofar gida. Nan kuma wani ya kawo nasa ra'ayi, ya ce tun da ya iya barin 300 bai ji kome ba, ya bar 1,000 mana kowace rana, ya gama ramar da wuri ya huta.

Kowane ɗaya cikin mutanen nan huɗu yana da abin da ya hango, kuma ba wanda ya faɗi don mugunta. Amma game da daren nan guda, Alhaji ne ke da gaskiya, kuma ga dalili.

Wanda ya san aikin Baitulmali a zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, ya san yadda ake yi wa kowane sashe kasafi, a ce ga kuɗin gyaran hanya, ga na rijiyoyi, ga na makarantu. Shekarar kuɗi a lokacin tana ƙarewa ran 31 ga Maris. Ma'anar kasafi ita ce kada a kashe fiye da haka. Amma in watan Maris ya kama, sai ka ga waɗansu shugabannin sassa sun tashi haiƙan suna sayen fenti da kujerun da ba a bukata, don kawai kada kuɗi su koma. Sun mai da iyaka ta zama bashi. Kuskuren da yarinyar nan ta yi ke nan, ko da yake ƙaunar ubanta ce ta sa ta. Lambar da aka rubuta wa mai rage ƙiba shinge ce da aka ce kada ya tsallake. Ba haraji ba ce da za a bi shi in bai cika ba.

Ban da wannan, lissafin kansa ba na awon zinariya ba ne. Malmalar yau ba ta zama daidai da ta jiya, man da aka zuba a miya kuwa ba wanda ya auna shi. Ko abincin gwangwani da ake buga lambarsa a jiki, dokar Amurka ta yarda ainihin abin da ke ciki ya haura abin da aka rubuta da kashi 20 cikin 100. A 1992 waɗansu likitoci a birnin New York suka binciki masu ƙiba da ke cewa suna cin kaɗan amma ba su ramewa, suka tarar abin da suke faɗa ya gaza abin da suke ci da kusan rabi. Ba ƙarya suke yi da gangan ba, mantuwa ce da rashin iya ƙiyasi. Lomar da aka ɗanɗana a tsaye, da gyaɗar da aka ɓare ana ciniki, da rake, ba su shiga littafi. Saboda haka in littafi ya ce saura 300, mai yiwuwa ne an riga an ci rabinsu a kasuwa ba a sani ba.

Har ila yau, jiki ba ya rufe littafinsa da tsakar dare kamar akawu. Abin da ya gaza yau yana iya cikawa gobe, ran suna ko ran biki, ko ranar da aka yi baƙo aka yanka kaza. Lissafin mako ya fi na yini ma'ana. Kalori 300 kuwa, in an mai da shi kitse, bai kai nauyin ƙwan kaza guda ba. Ba abin da zai kayar da ƙato mai kilo 98 ba ne.

Babban dalili ma shi ne wannan. Me ya kai Alhaji asibiti tun farko? Ci ba da yunwa ba: ci don an kawo, ci don ana hira, ci don kada a ce ya raina. Shekara ashirin bai saurari cikinsa ba. Yau da ciki ya ce ya isa, shi kuma ya ji, ya janye hannu, ai abin da ake nema ke nan ya fara samuwa. In an tilasta masa ya tura malmalar nan don takarda ta ce, an mai da shi gidan jiya, sai dai da can kwaɗayi ke ba shi umarni, yanzu kuwa takarda. Malamai sun daɗe suna karantar da a raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya a bar wa numfashi, kuma ba a ji inda suka ce a cika shi don ganin akwai sauran tuwo ba.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauki wannan ya ruga da shi, gama rashin jin yunwa ba kullum yake shaidar gaskiya ba. Zafin bazara yana kashe sha'awar abinci. Goro da shayi suna danne ta, haka damuwa da zazzaɓi. A 1999 masana a Japan suka gano wani sinadari da tumbi ke fitarwa, sunansa girelin, shi ke sanar da ƙwaƙwalwa lokacin ci ya yi, kuma yana bin sa'o'in da mutum ya saba ci. Duk mai azumi ya san haka: kwanakin farko na Ramadan yunwa takan taso da hantsi da azahar, in an kwana biyu sai ta lafa, alhali bukatar jiki tana nan inda take. Don haka mutum yana iya saba wa cikinsa ƙaramin ci har ya daina kuka, jiki kuwa yana cutuwa a ɓoye.

Nan ne shawarar abokin hira ta zama haɗari. An taɓa gwada irinta. A 1944 zuwa 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani masani mai suna Ancel Keys a Jami'ar Minnesota ta Amurka ya tara samari 36 masu lafiya waɗanda suka yarda da kansu, aka rage musu abinci zuwa wajen kalori 1,600 a yini har mako 24, suna kuma tafiyar ƙasa mai yawa kowane mako. Suka zubar da misalin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Ƙarfinsu ya tafi, sanyi ya dame su, suka zama masu saurin fushi, ba su da zance sai na abinci, waɗansu har tara littattafan girki suka riƙa yi. Da aka sake su kuwa, da yawa suka yi ta ci ba ƙoshi, har kitsen jikinsu ya wuce na da. Gaskiya ne su ba masu ƙiba ba ne tun farko, don haka lambarsu ba ta Alhaji ba ce. Amma darasin ya shafi kowa: in an matsa wa jiki da yawa, ba kitse kaɗai yake ci ba, har tsoka yake haɗawa, ya rage wutar da yake ƙonawa, sa'an nan ya jira ranar ramuwa. Rama ta gaggawa kuma tana jawo tsakuwa a matsarmama. Shi ya sa likitoci suka fi son a sauke rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, kuma galibi sukan ce kada namiji ya yi ƙasa da 1,500, mace 1,200, sai da kulawar likita.

Ashe ke nan tambayar ba a amsa ta da dare ɗaya, sai an buɗe littafi an duba mako. In saura ya zo jefi-jefi, ɗari biyu yau, ɗari uku wani jiƙon, mutum kuma yana barcinsa, yana aikinsa, ba jiri ba kasala, to, ya wanke hannunsa. In kuwa kullum ne ake samun saura mai yawa, ko ya ga yana tashi tsakar dare yana laluben kwano, ko hantsi bai yi ba ya faɗa wa mai tsire, to, ya ci ko ba ya jin yunwa. Abin da zai ci ɗin ma a zaɓa: wake, ko dafaffen ƙwai, ko nono marar sukari, ko kwaɗon zogale da ɗan ƙuli-ƙuli, irin abincin da ke riƙe tsoka. Cike gurbin da kwalbar lemo, wadda ita kaɗai ta kai wajen 150, ɓarnar kuɗi ce kawai.

Akwai kuma waɗanda maganar barin saura ba ta shafe su ba ko kaɗan. Mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin, ko shan ƙwaya irin glibenclamide, in ya sha magani ya ƙi cin abinci sukarinsa na iya faɗuwa cikin dare, jiki ya ɗauki rawa, gumi ya karyo, har ya suma, wani lokaci ma a rasa shi. Shi cin abinci a kan lokaci wani ɓangare ne na magani, ba ya jiran yunwa. Mace mai ciki da mai shayarwa, da yaro mai tasowa, su ma ba a yi musu wannan lissafi sai a asibiti. Wanda kuma ya ga abinci ya fita ransa, yana ramewa ba da niyya ba, kada ya yi murna, ya je a duba shi, don tarin fuka da ciwon sukari da waɗansu cututtuka da haka suke sallama. Manomi ma da ke huɗa da noma tun safe har azahar cikin damina, lambar da aka ba shi da rani yana zaune ba za ta ishe shi ba, sai ya koma a sake masa awo.

Saura maganar tsohuwa da ta uwargida, waɗanda littafin likita bai san da su ba, alhali kuwa su suka fi wuyar warwarewa. Tsohuwa tsoron almubazzaranci take yi, kuma tana da hujja. Tun wajen 2011 da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Zamfara, mutane da yawa sun bar gonakinsu sun koma Gusau da Tsafe da sauran manyan garuruwa, ga yara masu tamowa a asibitoci. A irin wannan ƙasa zubar da tuwo abin kunya ne ƙwarai. Amma tuwon da ya kwana a gidan Bahaushe bai taɓa rasa hanya ba: da safe ya zama ɗumame, ko almajiri ya yi sallama a juye masa, ko a miƙa wa maƙwabciyar da aka san wutarta ba ta tashi ba jiya. Tura shi cikin tumbin da ya riga ya cika, shi ne ma ya fi kama da zubarwa, don bai amfani kowa ba, ya kuma cuci mai shi. Da aka faɗa wa tsohuwa haka ta yi shiru, sa'an nan ta ce to, a riƙa kawo mata ragowar, ita ta san gidan da za ta aika da ita.

Ta uwargida kuwa ta fi haka zurfi. Matan Alhaji biyu ne, girki kwana bibbiyu. In ya bar malmala ran girkin wannan, ya cinye ran girkin waccan, ba likitan da zai iya gamsar da gidan cewa zafin rana ne ya jawo. Yarinyar ce ta samo dabara kafin hutunta ya ƙare. Aka sayo ƙaramin kwano guda, aka ce da shi za a riƙa zuba wa maigida tuwo ko girkin wace ce, in ya cinye yana so a ƙara sai ya nema da bakinsa. Aka kuma rage awon garin da ake tuƙawa da dare, yadda saura ba zai yi yawa ba tun daga tukunya.

Sikelin da yake auna buhunan masara da shi a shagonsa, shi yake hawa kowace Juma'a da safe, yaron shago ya karanta masa ya rubuta a bangon littafin ciniki. Wani mako ya sauka rabin kilo, wani mako allura ta ƙi motsi, makon Babbar Salla ma sai da ya ƙaru. Cikin wata huɗu ya dawo kilo 91 daga 98. Maganin hawan jini dai likita bai ce ya daina ba, ya ce ya ci gaba da sha, ya komo bayan wata uku a sake gwada sukarin.